Likitocin iyali takwas ne, muna so mu ɗaga ƙananan asibitocin yankinmu: ta ina ake farawa?

Likitan Iyali ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mu takwas ne a ƙaramar hukuma ɗaya, wasu a babban asibitin gwamnati, wasu a asibitocin kuɗi. Abin da ya haɗa mu shi ne majinyatan ƙauyuka ba sa iso mana sai abu ya lalace: mai hawan jini sai ɓarin jikinsa ya shanye, mai ciki sai ta fara jijjiga, yaro sai zazzaɓi ya cinye masa jini. Kuma kusan kowannensu akwai ƙaramin asibiti a mazaɓarsa.

Mun zauna sau biyu, ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin mu riƙa fita duba marasa lafiya kyauta duk ƙarshen wata, ƙauye bayan ƙauye, mu raba magani. Wasu kuma na cewa mu ɗauki asibitoci kaɗan mu tsaya a kansu. Kuɗinmu karo-karo ne, lokacinmu kuma bai wuce yini ɗaya a mako biyu ga kowane mutum ba. Wanne ya fi? Izinin wa ake nema? Da wace cuta ya kamata a fara? Don Allah waɗanda suka san aikin su ba mu dalla-dalla.

Tsohon Likita ya amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah Ya saka da wannan niyya. Ku ajiye maganar fita ta yini ɗaya. Hawan jini ba ya warkewa da ƙwayar mako biyu. Za ku auna mutum ɗari uku, ku gano masu ciwon, ku ba su magani, ku tafi. Ranar da ya ƙare ba su san inda za su koma ba. Ga wata ɓarnar kuma: mutanen gari za su ɗauka cewa magani na gaske sai baƙi sun zo, malamin asibitin da ke zaune da su kullum ya zama ba kowa ba.

Ku ɗauki asibiti huɗu kawai, likita biyu ga kowanne. Idan kowa yana da yini ɗaya a mako biyu, kowane asibiti zai ga likita sau ɗaya a mako, a rana tsayayya da ba ta canzawa. Ku zaɓi waɗanda suke da ma'aikata aƙalla uku masu zuwa aiki da gaske, da ruwa, da hanyar da mota ke iya bi da damina. Asibitin da ya mutu murus ba naku ba ne a shekarar farko.

Izini kuwa, ku fara da hukumar lafiya matakin farko ta jiharku, don tun da aka amince da tsarin tara ƙananan asibitoci ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2011, su ne masu ma'aikatan. Ku samu takarda a rubuce, sannan ku je wajen shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sannan hakimi da dagaci, sannan kwamitin ci gaban mazaɓa. Wannan kwamiti kada ku tsallake shi. Shi ne bakin jama'a a harkar asibitin. Idan kuna cikin SOFPON, ƙungiyar likitocin iyali ta ƙasa, ku shiga da sunan reshen jiha, ƙofa ta fi saurin buɗewa.

Ranar da likita ya je, kada ya ƙwace kujerar shugaban asibitin. Ya ja benci ya zauna gefensa, malamin ya duba majinyaci, likita ya saurara, bayan majinyacin ya fita su tattauna. Gyara a gaban mara lafiya shi ne abin da ya fi saurin kashe irin wannan shiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: malamin ya san gidan da ba a barin mata su fito, ya san wanda ke sayar da allura a kasuwa. Waɗannan ma'aikatan lafiya na al'umma da ake kira CHEW suna da littafin ƙa'idar aikinsu da doka ta ba su, ku karanta shi kafin ku je, don ku san iyakar abin da aka yarje musu.

Ni a ganina da hawan jini za ku fara, don tsarinsa gajere ne kuma sakamakonsa yana ƙirguwa. Duk baligin da ya shigo a auna shi, ko ciwon ido ya kawo shi. Ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ba magana. Na'urar dantse za ku saya, ba ta wuyan hannu ba, da maɗauri biyu, matsakaici da babba, domin ƙaramin maɗauri a kan babban dantse yana ƙara lamba, sai a ɗora wa lafiyayye magani. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban, a fara amlodipine miligiram 5. Bayan wata guda bai sauka ba, a ƙara losartan 50. Bai sauka ba, a ninka su, 10 da 100. Daga nan a ƙara hydrochlorothiazide 25, in ya ƙi sai a turo muku. Wanda ya kai 180 bisa 110 da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko nauyin baki, ba a jira, a turo muku shi nan take. Losartan ba a ba mai ciki ko wadda za ta iya ɗauka. Amlodipine kan kumbura ƙafa, a faɗa wa mutum tun farko, in ba haka ba zai daina sha ya ce maganin ya taɓa masa ƙoda. Da azumi a mayar da shi lokacin sahur ko buɗa-baki, ba a dainawa.

Kowa a buɗe masa kati, kuma a ajiye katunan bisa watan dawowa, ba bisa harafin suna ba. Ƙarshen wata duk katin da ya rage a akwatin, mai shi bai dawo ba, sai a buga masa waya. Maza ba sa zuwa asibiti, don haka a kai na'ura ɗaya bakin masallacin Juma'a ko ranar kasuwa.

Ungozoma ta amsa:

Dakta babba, na yarda da duk abin da ka faɗa ban da abu ɗaya. Hawan jini yana kashewa a hankali, haihuwa kuwa cikin sa'o'i biyu take ɗauke mace. Tunda an sayi na'urar awon jini, ɗakin awon ciki ya kamata ta fara shiga, kuma ba ƙarin kuɗi ba ne mai yawa.

Abu uku nake so likitocin su duba a ziyarar farko. Na ɗaya, a buɗe firji. Allurar oxytocin tana son sanyi na digiri 2 zuwa 8. A wurare da yawa tana cikin durowar ɗakin haihuwa, a zafin watan Afrilu, ƙarfinta ya tafi, a yi wa mace, mahaifa ta ƙi tsukewa, a ce maganin jabu ne. Inda babu firji mai aiki da hasken rana, a ajiye misoprostol: ƙwaya uku masu maikrogiram 200, wato 600, ta sha da zarar jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu. Inda akwai oxytocin mai kyau, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya da haihuwa.

Na biyu, jini ba a auna shi da ido. Zani da tsumma suna shanye shi, sai a ce "ai kaɗan ne". Rabin lita shi ne iyaka. Akwai leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego. In ba ta samu ba, a nemi roba mai lamba. An kai rabin lita, a murza mahaifa, a sa ruwa da babbar allura, a ba da tranexamic acid, maganin tsayar da jini, giram 1 kafin sa'a uku ta cika da haihuwa, a nemi mota a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Na uku, magnesium sulphate. Mai cikin da ta wuce mako 20, jininta ya kai 160 bisa 110, ko tana ciwon kai da ganin dishi-dishi, ko ta fara jijjiga, kada a sa ta a mota ba tare da allurar farko ba: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Tsarin raba ayyukan lafiya na 2014 ya ba ma'aikatan da aka horar damar yin wannan, amma da yawa suna tsoronsa saboda lissafin tsarma shi. Ku rubuta lissafin da manyan haruffa ku manna a bango, ku haɗa komai a akwati ɗaya da sirinji, ku riƙa gwada su da 'yar tsana duk wata har hannu ya saba.

Mota kuma ku shirya ta tun kafin a buƙace ta. A wasu jihohin Arewa an yi tsari da ƙungiyar direbobi ta ƙasa suna ɗaukar masu naƙuda. Ku je tasha ku zauna da shugabanta, a samu direba uku a kowace mazaɓa, lambobinsu a bango, kuɗin mai a hannun kwamiti. Kuma a nemi iznin maigida tun ranar awo, cewa ko ba ya nan a tafi da ita. Jiran izni da tsakar dare ya cinye mata da yawa.

Mai Haɗa Magunguna ya amsa:

Hajiya da Dakta sun faɗi abin da za a ba majinyaci. Ni tambayata daga ina zai riƙa fitowa a wata na bakwai, lokacin da karo-karon ya ƙare?

Ku yi lissafi. Mutum 100 masu shan ƙwaya ɗaya a rana, ƙwaya 3,000 ke nan a wata, a asibiti ɗaya. Asibiti huɗu 12,000. Ajiyar wata uku 36,000, kuma adadin mutanen hawa zai riƙa yi. Aljihun mutum takwas ba zai ɗauki wannan ba. Kuɗinku ya zama jari na asusun magani mai juyawa, irin wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987: a saya da sari, a sayar da 'yar riba, kuɗin ya koma sayen magani kawai.

Abin da ke karya wannan asusu sananne ne. Bashi, da "ɗan'uwan wane ne". Haɗa kuɗin magani da kuɗin gyaran janareto. Sai babba a wannan zamani: sa farashi bisa yadda aka saya maimakon yadda za a sake saya. Kwalin da aka saya a Janairu ba shi ne farashinsa a Yuni ba. In ba a duba farashi duk wata, littafi zai nuna riba alhali maganin yana raguwa. Maganinsa asusun banki daban mai sa hannun mutum biyu, shugaban asibiti da na kwamitin mazaɓa, da ƙirga kaya ƙarshen kowane wata a gaban likita. Marasa hali a yi musu jeri tun farko da sanin dagaci da liman, a biya musu daga zakka ko gudummawar masu hali, kada a ɗebo daga jari.

Ku saya daga hukumar magunguna ta jiha ko dillali mai rajista, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa da saura fiye da shekara kafin ta zo. Wanda zai riga lalacewa shi ake sa wa a gaba. Kwali kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bangon da rana ke duka.

Kuma ku tambaya ko asibitocin nan suna cikin masu karɓar kuɗin asusun lafiya na tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Manufar ita ce aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Sau da yawa kuɗin kan makale ne saboda ba a rubuta tsarin kashewa ko rahoton zangon da ya wuce ba. Likita ɗaya da ya iya takarda zai iya warware wannan cikin yamma biyu.

Likitan Iyali ya sake rubutawa:

Mun gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Saura abu biyu. Yaya za mu san aikin yana ci, kuma yaya za mu hana junanmu gajiya bayan ɗokin farko ya wuce?

Tsohon Likita ya amsa:

Lamba huɗu sun ishe ku a kowane asibiti, duk wata: mutum nawa ke da katin hawan jini, nawa cikinsu suka dawo, nawa jininsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, da kwana nawa aka yi babu ɗaya daga cikin magungunan da aka lissafa a sama. Hajiya za ta so ku ƙara ta biyar, mata nawa aka tura da allurar farko ta magnesium sulphate a jikinsu, kuma tana da gaskiya. Ku ɗauko su daga rajistar da asibitin yake cikawa dama. Sabon fom ƙarin nauyi ne ga mutumin da ke da littattafai fiye da goma a kan teburinsa.

Takardar turawa ta zama mai gida biyu. Rabin sama malamin ya rubuta abin da ya gani da abin da ya bayar da ƙarfe nawa. Rabin ƙasa ku ku cika ku mayar masa: ga abin da aka samu, ga abin da zai ci gaba da yi. Tunda ku ne a babban asibitin, wannan a hannunku yake. Malamin da ya tura mutum goma bai ji labarin ko ɗaya ba zai daina turawa. Ku buɗe zaure a WhatsApp ga kowane asibiti, da likitan da ke da jiran waya a wannan makon, ba a sa sunan majinyaci ko hoton fuskarsa.

Gajiya kuwa daga rashin tsari take zuwa. A rubuta jadawalin wata shida gaba ɗaya. Wanda ba zai samu zuwa ba shi zai nemo madadinsa, ba shugaba ba. Mai asibitin kuɗi kada ya tura majinyacin ƙauye asibitinsa sai in majinyacin ne ya nema, a rubuta wannan a yarjejeniyarku, don zargi ɗaya irin wannan ya isa hukuma ta janye takardarta. Taro sau ɗaya a wata, sa'a ɗaya, a juya shi tsakanin asibitocin huɗu, shugaban asibitin ne zai karanta lambobinsa da bakinsa, kuma a biya masa kuɗin mota in ba a wurinsa ake yi ba. Asibiti na biyar kada a ƙara shi sai huɗun nan sun yi wata shida a jere maganinsu bai yanke ba.