Za mu je gudu a duwatsun Shere, wa ya taɓa hawa?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne muke gudu kullum bayan sallar asuba a nan Kano, ranar Lahadi kuma mu hau matakalar Dala sau uku ko huɗu don ƙafa ta saba. Yanzu wani abokinmu da ke aiki a Jos ya matsa sai mun je masa ƙarshen mako a watan Disamba mun gwada duwatsun Shere. Shirinmu mu tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu bi ta Falgore da Saminaka, Asabar mu yi gudun, Lahadi mu juyo. Takalmina na gwanjo ne, a Ƙofar Wambai na saya, ƙasansa duk ya suɗe. Zai kai ni kuwa? Kuma kilomita nawa ya kamata mu sa a gaba? Mun saba yin goma a kwalta.

Mai Dankali:
Wa'alaikumus salam. A Jos nake, na hau Shere ya fi a ƙirga. Da farko ku sauya lokacin tashi, ku kama hanya da safe, ku yi Juma'arku a hanya. Kada dare ya same ku a dajin Falgore.

Goman da kake yi a kwalta ka manta da ita. Kano ba ta kai mita 500 a saman teku ba, garin Jos kuwa yana wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800. Ba banza ba 'yan tseren Pankshin, garin da ke kan tudu a nan Filato, suke ba mutane wahala a gudun dogon zango. Ku yi shida ko bakwai, inda ya yi tsayi ku taka a hankali, hannu a gwiwa. Mu ma da muka saba haka muke yi.

Amma ɗan'uwa, gangarowa ita ce matsalar. Hawa numfashi kawai yake ci, in ka tsaya minti biyu ya dawo. Saukowa kuwa cinya take ci. Ranar da na fara, na sako da gudu ina ihu kamar yaro, washegari da zan yi sallah sai da na dafa bango kafin na miƙe daga sujada. Ka riƙa ɗaga ƙafa gajere-gajere, idonka a kan inda za ka taka. Da rani akwai tsakuwa ƙanana a kan falalen dutse, takalmin da ya suɗe zai tafi da kai. Ka koma gwanjon ka nemo mai haƙora a ƙasa, ya ɗan fi ƙafarka kaɗan, in ba haka ba farcen babban yatsa zai yi baƙi.

Bazazzage:
Bakano da dutse? Dala ai tudun wasan yara ne. Ku fara zuwa Kufena mu gani in za ku kai sama, kafin ku je ku ba mu kunya a Filato.

Maman Tagwaye:
Ku rabu da Bazazzage. Ni abin da zan ƙara, sanyin Jos a Disamba ba irin naku ba ne, ku zo da rigar sanyi da hula. Sanyin kan hana mutum jin ƙishi, to ku sha ruwa ko ba ku so, ku sa dabino a aljihu. In kun ratsa ƙauye ku gaida mutane, kada ku tsallake shingen ƙyarana ku shiga gonar wani, ƙayarsa ma ta ishe ku. Garken shanu in kun haɗu da shi ku daina gudu har ya wuce. Kududdufan da aka haƙi kuza kuma, komai kyan ruwan, kada wanda ya shiga, suna da zurfi. Ku samu ɗan gari ya yi muku jagora.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Mun mayar da tafiyar safe, gobe zan leƙa Wambai. Bazazzage kuma ka tanadi ruwan shayi, muna nan zuwa Kufena a Janairu.