Na karɓi gonar furanni daga hannun kawuna: ta ina zan fara a kakar farko?

Sabon Manomi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kawuna ya shafe shekaru yana noman furannin da ake yanka ana sayarwa, amma ciwon gwiwa ya hana shi sunkuyo, saboda haka ya damƙa mini gonar. Na tarar da layukan wardi da suka tsufa, da fangalai da ciyawa ta cinye, da ɗakin sanyi da injinsa yake aiki wata rana ya ƙi wata rana, da kwali cike da iri wanda rubutun jikin ledojinsa ya goge. Zuciyata tana raya mini in tuge komai, in yi huɗa, in shuka abin da na zaɓa da kaina. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni: shin wannan dabara ce ko ganganci, kuma mene ne ya fi kayar da mutum a kakarsa ta farko?

Tsohon Mai Lambu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka tuge ko tushe ɗaya a bana. Wardi da sauran tsirrai masu daɗewa a ƙasa su ne jarin gonar, kuma ba za ka san wanne ne ya ƙare, wanne ne kawai yake jiran sassabe da taki ba, sai ka ga furensu da idonka. Ka zaga gonar da kawunka tun yana iya takawa, da littafi a hannunka, ya nuna maka inda ruwa yake kwanciya, da inda iska take karya kara, da layin da masu saye suka fi tambaya, ka zana taswira ka rubuta sunan kowane layi. Abin da ke cikin kansa ya fi injin ɗakin sanyin nan daraja.

Game da irin da ke cikin kwali, ka ɗauki ƙwaya 10 daga kowace leda, ka naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a wuri mai ɗumi, ka riƙa dubawa har mako biyu. Ledar da ƙwaya uku kawai suka tsira daga cikinta ba ta cancanci fangali ba. Sannan ka kai ƙasar a gwada kafin ka zuba taki, domin yawancin furanni sun fi son ƙasar da awon tsaminta yake tsakanin 6 da 7, kuma sinadarin naitirojin da ke cikin taki idan ya yi yawa ganye za ka samu jingim, fure kuwa kaɗan.

Mai Wardi ta amsa:

Na yarda da Baba a kan taswira da gwajin iri, amma ina da ja a kan barin kowane tushe. Tushen da yake ɗauke da cuta a fili, wanda ganyensa ya murɗe ya yi dabbare-dabbare ko saiwarsa ta ruɓe, cire shi ya fi, domin makwabtansa yake shafa wa.

Ni dai abin da ya kayar da ni a shekarar farko ba shuka ba ce, abin da ke biyo bayan yanka ne. Na taɓa yanka wardi da rana tsaka, na jera su a bokitin da ban wanke ba, washegari na iske kawunansu sun sunkuya duka, mai saye kuma ta mayar mini da su. Ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwa mara tsabta suna toshe hanyoyin da kara yake shan ruwa ta cikinsu, sai furen ya yi yaushi alhali yana tsaye cikin ruwa. Tun daga nan nake yanka da sassafe ko da yamma, in cire ganyen da zai nutse, in tsoma karan nan take a bokitin da aka wanke tas. Kowane fure kuma da lokacin yankansa: wardi ana yanka shi yana fara sakin baki, giladiyolas idan furen ƙasa ɗaya ko biyu sun nuna launi, ziniya kuwa sai ta buɗe sosai karanta ya yi ƙwari, domin ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta.

Ka gyara ɗakin sanyin kafin ka sayi iri. Wardi yana son sanyin digiri 2 zuwa 4, amma furannin ƙasashe masu zafi irin su okid suna lalacewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Kada ka kuskura ka ajiye nunannun 'ya'yan itace a ɗakin, saboda iskar etilin da suke fitarwa tana tsufar da fure da wuri.

Mai Rarraba Shuka ya amsa:

Malam, kada ka shuka duk irinka rana ɗaya, domin rana ɗaya zai yi fure, ka rasa hannun yanka da mai saye, bayan mako biyu kuma gona ta zama fayau. Ka riƙa shuka kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu ko uku. Sanfulawa mai kara ɗaya tana kai wa yanka cikin kamar kwana 60, amma fure ɗaya take bayarwa, ita kuwa ziniya idan ka tsinke kanta tana da tsawon kamu ɗaya sai ta yi rassa da yawa. Ka shayar daga gindi, kada ka jiƙa ganye da yamma, in ba haka ba fumfuna za ta kama su.

Sabon Manomi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya da Malam. Jiya mun zaga da kawu, sai ga shi layin da na ƙudura tugewa da farko shi ne wanda ya ce yana fara fure kafin sauran. Na jiƙa iri daga leda tara, mai gyaran injin kuma zai zo jibi. Hajiya, tushen wardi guda huɗu ganyensu yana da baƙaƙen ɗige-ɗige yana rawaya yana zuba. Su ma cirewa zan yi, ko sassabe da kwashe ganyen da ya zube zai wadatar?