Kiranyen motocin bas saboda matsalar lantarki: me makanike zai kiyaye?

Injiniya_Garba: Salam 'yan uwa. Idan kamfani ya yi wa bas masu batir kiranye, wato ya ce a dawo da su a gyara, saboda matsalar lantarki, me ke yawan jawo shi, kuma ina haɗarin yake ga masu gyara?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam Injiniya. Galibi waya ce ke gogar ƙarfe har rufinta ya cinye, ko noti ya saki a mahaɗar da aka ɗaure waya, wurin ya yi ta zafi har ya narke. Mafi muni ruwa ya shiga akwatin batir, daga nan sai gobara. A Afrilun 2022 hukumar sufuri ta Faris, RATP, ta janye bas masu batir ƙirar Bluebus guda 149 bayan biyu sun kama da wuta. A Amurka kuma, dole kamfani ya sanar da NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran motoci ta ƙasar, cikin kwanakin aiki 5 da gano lahanin.

Hajiya_Binta: Ranka ya daɗe, kashe makulli ba ya kashe batir. Ƙarfin wutar yawancin baturan nan ya haura bolt 600. A kashe mota, a cire cajar, a yanke batirin bolt 24, a zare filogin yanke babbar wuta, a sa kwaɗo, makullin kwaɗon a aljihun mai aikin. A jira mintunan da littafin kamfani ya faɗa, domin kafasita, wato na'urar da ke tara wuta, na riƙe caji. Sannan a gwada mitar awon wuta a wuta mai rai, a auna wurin aikin a ga ko babu wuta, a sake gwada mitar. Safar hannu mai jure bolt 1,000, a hura ta tukuna a ga ko tana yoyo. Waya mai launin lemo kuwa, wato ta babbar wuta, ba a taɓa ta kafin awo.

Malam Sani: Gaskiya ne Hajiya. Motar da ke jiran gyara kuma a ajiye ta a fili, nesa da sauran.