Yaya ake riƙe aji idan an kunna kwamfuta?

Malama daga Birni:
Assalamu alaikum. An kawo wa makarantarmu a nan Damagaram kwamfutoci kaɗan, amma da zarar na kunna su sai yara su yi cincirindo, aji ya kaure da hayaniya. Yaya kuke yi?

Malam daga Zango:
Wa alaikumus salam, Malama. Ku raba yaran rukuni-rukuni, kowane da shugabansa, sannan ku rubuta aikin a allo tun kafin a taɓa madanni, domin a ganina yaron da ya san abin da ake jira daga gare shi ba ya tsayawa wasa.

Malama daga Sabon Gari:
Ku jera kwamfutocin ta yadda za ku riƙa ganin fuskar kowace daga bayan aji. Ku kuma tanadi darasin alli, tunda wuta kan ɗauke lokacin bazara.