Wane suna ya dace da tausar nan ta Rashawa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ƙanwata ta turo mini takardar tallar wani wurin gyaran jiki da aka ba ta aikin mayarwa Hausa. Layi ɗaya ya tsaya mata: wai suna yin "masaj" irin na Rasha a "spa" ɗinsu, don mai fama da ɗaurewar jiki. Ta ce, "Yaya, tunda ka yi karatu a Mosko, fitar da ni." Na ga gara mu tattauna a nan, don kada kowa ya riƙa raɗa nasa sunan. Tuni wata Hajiya ta ce a kira tausar "gashin ƙashi", wani Malam kuma ya ce a kira ciwon "ɗaurewar jijiya"; zan amsa musu a ƙasa.

"Masaj" dai ba ta da wahala. Su kansu Rashawa aro ta suka yi daga Faransanci, kamar yadda ake jin ta a bakin 'yan uwanmu na Nijar. Mu kuwa muna da tausa tun kaka da kakanni. Duk wanda tsohuwa ta taɓa ce wa "zo ka matsa mini ƙafa" ya san ta.

Sai dai tausa kawai ba ta ɗauke ma'anar ba. A Rasha aikin asibiti ne, likita ke rubuta wa mutum ita kamar yadda yake rubuta allura. Tun 1882 likita Isidor Zabludobski ya rubuta kundin digirinsa a kan tasirin tausa ga jikin masu lafiya, daga baya kuma Iban Sarkizob-Serazini, wanda ya rasu a 1964, ya tsara ta don 'yan wasa a zamanin Tarayyar Sobiyet. Shi ya sa na ce mata ta rubuta "tausar magani irin ta Rasha". A baki kuwa "tausar Rasha" ta isa.

A hunturuna na biyu a can wuyana ya sanƙare, sai na juya jiki gaba ɗaya kafin in kalli gefe. Likita ya rubuta mini zama 10. Mutumin da ya yi mini bai cika mai ba, ɗan kaɗan yake lakata. Yakan fara da tafin hannu a hankali, daga bisa ya sa yatsu yana motsa fata har wurin ya ɗau zafi. Sannan ya kama naman kafaɗa da hannu biyu, ya ɗago shi daga ƙashi, ya matse, ya juya, ya saki, ya matsa gaba. Nan yake cinye fiye da rabin lokacin, nan ne kuma nake jin ƙullin yana sakina. Can ƙarshe sai ya bi bayan da gefen hannu yana sara da sauri-sauri, ya koma shafa kamar yadda ya fara.

Waɗannan su ne hannaye huɗu da suke koyarwa, kuma Hausa tana da su duka: shafa, murza, cuɗa, jijjiga. Na ukun ne ya ɗauke ni lokaci. Kalmarsu, "razminaniye", ita ce suke faɗa ga ƙullin fulawa ko yumɓu. Na gwada kwaɓa, sai na ji ruwa a cikinta. Matsa kuma ba ta da juyawar. Cuɗa ce ta haɗa kamawa da juyawa, ga shi kunne ya riga ya saba da ita a jikin mutum, tunda muna cewa cuɗe ni in cuɗe ka.

Hajiya da ta ce a kira abin "gashin ƙashi": ranki ya daɗe, a asibitocinmu lallai a wannan sashen ake samun ta. Amma gashin ƙashi suna ne na sashen gaba ɗaya, har da motsa gaɓoɓi da na'urorin ɗumama jiki. Tausa reshe ɗaya ce. Ba kuma ɗori ba ce. Mai karaya ko sabon targaɗe ko zazzaɓi ko gudan jini a ƙafa ba a yi masa ita, kuma sunan da zai ja shi ya je neman ta zai cutar da shi.

Malam da ya kawo "ɗaurewar jijiya", Allah ya ƙara ilimi, haka jama'a ke faɗa, ni ma haka na taso ina ji. Abin da ya hana ni bin ka shi ne jijiya ta yi yawa: ta jini jijiya, ta laka jijiya, agara ma jijiya. Abin da ake cuɗawa kuwa tsoka ce. Don haka "ɗaurewar tsoka".

Saura "spa". Asalinta sunan wani gari ne a Beljiyam da ya shahara da ruwan maɓulɓula. "Gidan wanka" zai kai tunanin mutum bayan kasuwa ko tasha. "Gidan tausa" kuma wasu sun ɓata shi, mai mutunci zai yi ɗari-ɗari da shiga. Ni "gidan gasa jiki" ya kwanta mini. Wanda ya shiga "baniya", ɗakin tururin Rashawa irin Sanduni na Mosko da ke aiki tun 1808, ya ga yadda ake jiƙa damin ganyen itace a ruwan zafi ana fyaɗa wa mutum a baya, dole ya tuna wankan jego da ganyen darbejiya.

Ga abin da na tura wa ƙanwata da safen nan: "Gidan gasa jiki. Muna yin tausar magani irin ta Rasha don sassauta ɗaurewar tsoka."