Aiptasia ta mamaye min akwatin kifin ruwan gishiri, ina neman shawara

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da akwatin gilashi na ruwan gishiri a nan Maraɗi, da kifin teku da murjani mai rai. Duwatsun da aka kawo min daga Kotonu sun zo da Aiptasia, wannan ƙaramar halitta mai ruwan ƙasa-ƙasa da dogayen gashi. Tana harbin murjanin da ke kusa da ita har ya ƙi buɗewa, kuma da an taɓa ta sai ta shige rami.

Ban kankare ta ba, don kowane ɗan gutsure da ya saura yana iya zama sabuwa. Na tsirta mata ruwan lemun tsami da sirinji, na gwada tafasasshen ruwa. Manyan sun mutu, amma ƙanana sai ƙaruwa suke yi, har bayan famfo. Ina kuma tsoron yawan lemun tsami ya sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ga zafin garinmu, da ƙyar nake riƙe ruwan a digiri 26.

An ce ƙaramin jatan lande Lysmata yana cin ƙananan, Berghia kuma, wani ƙaramin dodon koɗin teku marar ƙwanso, ba ta cin komai sai Aiptasia, shi ya sa yunwa ke kashe ta idan Aiptasia ta ƙare. To amma wa zai kawo min su da rai har Maraɗi? Akwai mai sayarwa a Kano ko Yamai?

Wanda ya taɓa amfani da kullun kalkwasser (garin calcium hydroxide da ake damawa da ruwa) wajen kashe Aiptasia, don Allah nawa ake sawa a rana ba tare da pH ya haura ba? Ko in fitar da duwatsun da babu murjani a kansu in shanya a rana kawai?