Tsibirin Jebba da zamanin jirgin fito

Ɗalibi daga Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Iyayenmu da malamanmu, ina neman ƙarin bayani game da tsohuwar hanyar da ta bi ta tsibirin Jebba a tsakiyar kogin Kwara. Kafin a gina gada, ta yaya mutane da kaya suke ƙetarewa zuwa Arewa?

Malamin tarihi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. A Jebba kogin ya rabu biyu ya kewaye tsibirin, shi ya sa wurin ya zama mashigi tun kafin zuwan Turawa, inda Nufawa masu kwale-kwale suke fito da fatake da dabbobinsu. Turawa sun zauna a garin a matsayin hedikwatar Arewa daga 1900 zuwa 1902, kafin su koma Zungeru. Layin dogo daga Ikko ya iso Jebba a 1909, amma ruwa ya tare shi, sai aka riƙa ɗora taragu a kan jirgin fito ana ƙetarar da su kaɗan-kaɗan, har zuwa 1915 da aka kammala gadar. A ganina wannan jinkiri yana cikin dalilan da suka ba hanyar Baro muhimmanci a farko, domin layin dogon da ya tashi daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, shi ne ya isa Kano a 1911.

Tsohon ma'aikacin reluwe, Kakuri:
Malam ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara maka, ɗana, shi ne tsibirin ne ya sauƙaƙa aikin, tun da an raba gadar gida biyu, kowane ɓangare ya haye reshe ɗaya na kogin. Haka aka sha fama a Makurɗi, inda jirgin fito ya yi ta ɗaukar taragu a kan Binuwai sai a 1932 aka buɗe gada. Mu da muke Kaduna ya kamata mu damu da wannan tarihi, domin a garinmu layin Ikko da na Fatakwal suka haɗu, kuma dukansu sai da suka haye babban kogi kafin su iso.

Hajiya, Kawo:
Baba, kada a manta da masu kwale-kwalen da gada ta rage wa sana'a. Har yau ƙauyukan bakin Kwara da ba su kusa da gada da fito suke zuwa kasuwa da gona, kuma yawancin haɗurran jirgin ruwa da muke ji a jihohin Neja da Kebbi a irin waɗannan mashigai suke faruwa, musamman da damina idan kogi ya cika.